Kwanaki Takwas na Farko: Darasin da Ɗanmu Ya Aiko Mana Daga Italiya

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya





Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan ilimi, mu kuwa da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun san cewa misali guda ya fi dogon wa'azi zama a zuciyar ɗalibi. Saboda haka za mu ba ku labarin ɗanmu ɗaya, wanda kuka tara kuɗi bara kuka tura shi karatun aikin gona a birnin Perugia na ƙasar Italiya. Ba za mu ambaci sunansa ba, kowa a nan ya san shi. Ya rubuto mana doguwar wasiƙa a kan kwanakinsa na farko, ya kuma yarda mu bayyana abin da ke cikinta, domin na bayansa su amfana. A cikinta akwai yabo gare mu, akwai kuma laifinmu, kuma za mu faɗi duka biyun.

Perugia ita ce babban birnin yankin Umbria da ke tsakiyar Italiya. Tsohon gari ne a kan tudu, tsakiyarsa ta kai kimanin mita 490 daga doron teku. Jami'arsa ta samu takardar kafuwa tun shekarar 1308. Akwai kuma Jami'ar Baƙi, wadda aka soma kwasa-kwasanta a 1921 domin koyar da harshen Italiyanci da al'adun ƙasar, kuma babban gininta yana dab da wata ƙofar gari ta dutse da ta haura shekara 2,000 a tsaye. Garin ɗalibai ne, ya saba da baƙi. Duk da haka, baƙo baƙo ne.

Ɗanmu ya sauka a filin jirgin saman Fiumicino na birnin Rum a ƙarshen watan Satumba. Ya shiga jirgin ƙasa na kimanin rabin sa'a zuwa babbar tashar Termini, daga nan ya kama wani jirgin na fiye da sa'a biyu zuwa Perugia. Ya ci jarrabawar harshe kafin ya bar gida, amma ya ce Italiyancin littafi daban, na bakin mai sayar da tikiti daban. Bai san cewa tikitin takarda na jiragen yanki sai an buga masa hatimi a wata 'yar na'ura kafin a hau ba, kuma wanda bai buga ba tara ce a kansa. Wata tsohuwa ce ta lura, ta ja hannun rigarsa ta nuna masa. Da ya isa, sai ya tarar tashar tana gindin tudu, garin yana can sama. Akwai wasu ƙananan taragai marasa direba, Minimetrò, da aka buɗe a 2008 domin hawa da mutane, amma bai san da su ba. Haka ya ja akwatinsa a ƙafa, da garin kuka da daddawa da yajin da mahaifiyarsa ta ƙulla masa, har ya kai sama yana haki.

Wannan duk wahalar rana ɗaya ce. Babbar matsalar tana gaba. Ɗakin da ya yi magana a kansa ta intanet yana nan, amma mai gidan ya ce sai an ba shi kuɗin ajiya na wata biyu bayan hayar watan farko. Bai zalunce shi ba, dokar ƙasar ta yarda a karɓi ajiya har ta wata uku. Ya kuma nemi lambar haraji da suke kira codice fiscale, mai haruffa da lambobi 16, wadda sai da ita ake rajistar yarjejeniyar haya, a buɗe asusun banki. Ɗanmu ba shi da ita, kuɗin da ke aljihunsa kuma hayar wata ɗaya ce da abincin 'yan makonni. Dole ya koma masaukin matafiya, inda ake biya kullum, yana kallon guzurinsa yana narkewa.

A lokaci guda kuma wani agogon yana tafiya. Doka ta ce duk ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai sai ya nemi takardar izinin zama, permesso di soggiorno, cikin kwanakin aiki takwas da shigarsa ƙasar. Bizar da ke fasfo ƙofa kawai ta buɗe, ba ita ce zaman ba. A gidan waya ake karɓo ambulan mai ratsin rawaya, a cike takardun, a haɗa da kwafin fasfo, da shaidar shiga jami'a, da ta inshorar lafiya, da ta abin da mutum zai riƙe kansa da shi. Akwai kan sarki na Yuro 16, da ladan gidan waya Yuro 30, da sauran kuɗaɗe, jimilla ta haura Yuro 100. Bayan an miƙa, sai a ba mutum rasit da ranar da zai je hedikwatar 'yan sanda a ɗauki hoton yatsunsa. Wannan rasit shi ne shaidarsa har katin ya fito.

A nan ne laifinmu yake, kuma mu da ke tsaye a gabanku muna cikin kwamitin da ya yi lissafin. Mun ƙirga kuɗin jirgi, mun ƙirga na makaranta, mun yi addu'a, muka raka shi tashar mota muka dawo muna murna. Babu ɗayanmu da ya tambayi abin da zai faru a mako biyun farko. Mun shekara talatin muna gaya wa yara cewa matambayi ba ya ɓata, sai ga shi mu ne ba mu tambaya ba. Ɗanmu ya ce a dare na huɗu ya zauna a kan matakalar babbar majami'ar garin, yana fuskantar tsohon maɓuɓɓugar ruwan da aka kammala a 1278, ɗalibai suna ta hira kewaye da shi, shi kuwa yana lissafin ko abin da ya rage zai kai shi gida. Da mahaifinsa ya kira, sai ya ce masa lafiya lau, domin kunya ta hana shi faɗa wa mutanen da suka sayar da hatsinsu saboda shi cewa ya rasa wurin kwana.

Allah Ya kawo masa mafita ta hannun wani ɗalibi ɗan Kamaru, mutumin Garwa, wanda ya ji shi yana waya da Hausa ya tsaya ya yi masa sallama. Shi ya ba shi katifa a ɗakinsa, ya raka shi ofishin haraji aka ba shi lambar kyauta, ya zauna da shi suka cike takardun izinin zama. A rana ta bakwai aka miƙa su. Da ɗan gari akan ci gari. Sai bayan haka ɗanmu ya yi ƙarfin hali ya sanar da mu, muka bi 'yan kasuwarmu shago-shago aka haɗa kuɗin ajiyar. Allah Ya saka musu da alheri.

Sauran abin da ke cikin wasiƙar ya fi daɗin ji. Ya koyi karanta bayan kowane ƙunshin abinci, domin yankin ya shahara da naman alade: maiale shi ne aladen, prosciutto da pancetta namansa ne, strutto kuma kitsensa ne da akan sa a wasu nau'o'in burodi. Burodin garin na gargajiya ba shi da gishiri, mutanen wurin sukan danganta haka da tawayen da kakanninsu suka yi a 1540 kan harajin gishirin da Fafaroma Paul na Uku ya ɗora musu. Ya gano cewa alƙibla a can kudu maso gabas take. Ya ga ƙananan shaguna suna rufewa da tsakar rana sai la'asar. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, lokacinsu ya zo daidai da namu, amma a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar, ga sanyin da ya sa hunturunmu ya zama wasa.

Tarbiyyar gida kuwa ta yi masa rana. Italiyawa suna da tu, wato kai, ga aboki, da Lei ga babba, kamar yadda muke cewa ku ga na gaba da mu. Ba a ce wa farfesa ciao. Yaron da ya tashi yana durƙusawa ya gai da manya bai sha wuyar gane wannan ba. Jarrabawa da yawa ta baka ce, ɗalibi ya zauna gaban malami ya amsa, ana ba da maki daga cikin 30, kuma 18 ne mafi ƙarancin na ci. Malamanmu na firamare da sakandare su lura: yaron da ba a saba masa tsayawa ya yi bayani da bakinsa ba, an tauye shi tun daga gida.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Na farko, a buɗe asusun sauka, kada a sake tura ɗalibi ko'ina sai da kuɗin ajiyar ɗaki, da na takardu, da na abincin wata biyu a hannunsa. Na biyu, sakatare ya buɗe kundi, duk ɗalibin da ya je wata ƙasa ko wani gari ya rubuto abin da ya tarar, a ajiye wa na baya. Na uku, a naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa kiran ɗalibin a watansa na farko, ya yi masa tambaya dalla-dalla: ina ka kwana, me ka ci, nawa ya rage? Yaranmu ba sa kai kuka, sai an tono.

Na huɗu kuma roƙo ne ga iyaye da 'yan uwa. Mun ji an fara aika masa da saƙon a taimaka da kuɗin biki da na waya. Ku ji tsoron Allah. Doka ta taƙaita aikin ɗalibi ga sa'a 20 a mako, kuma ba a sabunta masa izinin zama sai ya ci aƙalla jarrabawa ɗaya a shekarar farko, biyu a kowace shekara bayanta. Duk wanda ya tura shi neman kuɗi ya bar littafi, to, yana tura shi ne ga rasa takardarsa. Karatu muka aike shi, mu bar shi ya yi.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuke jin sunan Turai kamar aljanna, kun ji yadda ta kasance ga wanda ya shiga ta ƙofa da bizarsa a hannu. Ku auna halin wanda ya bi hamada da teku ba ko takarda ɗaya.

A ƙarshen wasiƙarsa, ɗanmu ya ce ya riga ya gaya wa abokinsa na Garwa cewa duk baƙon da ya sauka bana, shi zai je tasha ya tarye shi, ya nuna masa inda ake hawa taragon nan. Mu ma kwandon asusun sauka yana bakin ƙofa, ma'aji yana zaune kusa da shi da littafinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani, Ya ja zamanin Hakimi, Ya ɗaukaka wannan gari namu.