Yatsu Goma, Rajista Biyar: Rashin Tsari da Almubazzaranci a Rumbunan Bayanan Gwamnati

Wannan takarda ta duba yadda hukumomin tarayya ke kashe kuɗi wajen sabunta rumbunan bayanansu, wato ma'ajiyar kwamfuta da ake tara sunaye da hotuna da zanen yatsun jama'a a cikinta, kuma ta ɗauki mazaunin Rigachikun da ke ƙaramar hukumar Igabi a matsayin ma'auni, domin magidancin da ya manyanta kafin 2003, yake da katin zaɓe da layin waya da asusun banki, ya dangwala yatsunsa aƙalla sau biyar a gaban jami'ai dabam-dabam.

Tushen matsalar yana cikin kwangilar katin ɗan ƙasa ta dala miliyan 214 da aka bai wa kamfanin SAGEM na Faransa a 2001, wadda aka yi wa jama'a rajista a ƙarƙashinta a 2003, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da wasu tsofaffin ministoci bisa zargin karɓar cin hanci a kanta. Abin da ya fi zargin muni shi ne aikin bai zama harsashin da za a ɗora gini a kansa ba, domin hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC da aka kafa a 2007 ta sake ɗaukar bayanan jama'a ne daga farko, ta fito da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A tsakanin haka, hukumar zaɓe ta INEC ta sayi na'urori 132,000 don rajistar masu zaɓe ta 2011, a shekarar kuma hukumar sadarwa ta NCC ta shiga rajistar layukan waya da kasafin naira biliyan 6.1, alhali kamfanonin wayar ma suna yi wa masu hulɗa da su irin wannan rajistar. Babban Bankin Najeriya ya biyo baya da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a 2014.

Takardar na ganin ba na'urorin ke da laifi ba. Kowace hukuma ta ɗauki sabunta tsarinta a matsayin kwangilar sayen kaya, wadda ke ƙarewa ranar da aka biya ɗan kwangila, ba a tanadi kuɗin gyara da horar da ma'aikata da wutar lantarki ba, ba a kuma amince tun farko da tsari guda na adana bayanai da zai bai wa rumbun wannan hukuma damar karanta na waccan ba. Sakamakon ya bayyana a Disambar 2020, lokacin da ma'aikatar sadarwa ta ba da wa'adin makonni biyu a haɗa kowane layi da NIN, jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin NIMC ana tsakiyar annobar korona, aka yi ta ɗage wa'adin har zuwa Satumbar 2024. Wahalar ta faɗa ne kan ɗan kasuwa da manomi da malamin makaranta, waɗanda suka bar sana'arsu suka biya kuɗin mota, sau da yawa kuma aka ce musu babu sabis.

Tunda hukumar NITDA ke da alhakin tantance ayyukan kwamfuta na hukumomin tarayya, takardar na kira gare ta da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da kada su amince da ko kwabo don sabuwar rajista, sai hukumar da ta nema ta nuna a rubuce abin da ya hana ta amfani da rumbun NIMC, da kuma inda kuɗin kula da na'urorin zai fito bayan ɗan kwangila ya tafi.