JAWABI A RANAR BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN: MU KAFA MAKARANTAR FASAHAR HANNU



Yabo ya tabbata ga Allah wanda ya riƙe wannan ikilisiya shekara hamsin. Iyayenmu sun bar mana majami'a, suka koya mana karatu. To, mu kuma, me za mu bar wa na baya? Shawarar da muka kawo a gabanku ita ce mu kafa makarantar fasahar hannu a nan garinmu, inda yara za su koyi ginin tukwane, da saƙa, da sassaƙa, da zane, da kiɗa.

Dalilinmu a fili yake. Tsofaffin da suka iya waɗannan ayyuka suna ta tafiya gida ɗaya bayan ɗaya, ba mai gadonsu. Samarinmu kuwa, da an gama girbi sai birni, da yawa ba sana'a a hannu. Ko tulun da zumuntar mata ke kaɗawa a sujada, in ya fashe, wa zai gina wani?

Wani zai ce, ai mu mutanen ƙauye ne, muna nesa da komai. Bari mu tuna da Abuja ta dā, wadda yau ake kira Suleja. Ƙaramin gari ne a lokacin, ba jirgin ƙasa. Amma can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya zaɓa a 1951 domin kafa makarantar ginin tukwane, gama akwai yumɓu mai kyau, da itace, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A gidan Sarkin ne ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali, ana ce da ita Ladi. Tun tana yarinya ta koyi aikin a gida, da hannu kawai.

A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari. Ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, da gasa shi a wuta mai tsanani. Duk da haka ba ta yar da abin gida ba. Ta ci gaba da zana kunama, da ƙadangare, da kada, da kifi a jikin tulunanta. Aka nuna aikinta a Landan a 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20.

'Yan'uwa, ku lura da wannan. Makarantar ta tarar da baiwar a wurin, ta ba ta rumfa, ta ƙara mata kayan aiki. Baiwa irin wannan tana zaune a kan bencinan nan yau.

Littafi Mai Tsarki bai raina aikin hannu ba. A Fitowa sura 31 Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhu domin aikin zinariya, da dutse, da itace. A sura 35 kuma an faɗa mana cewa shi da Oholiyab an ba su ikon koya wa waɗansu. Wanda ya iya, ya kuma shiga kabari da iyawarsa, ya binne talantin Ubangidansa.

Saboda haka kada mu jira taimako daga Turai kafin mu fara. Da sannu ake cika tulu. Muna roƙon dattawa su ba da ɗaki guda. Kowane uba ko uwa mai sana'a ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi, ya ɗauki alkawarin yamma biyu a mako, musamman da rani. A keɓe wani kashi na baikon yau domin kayan aiki. Ƙofar kuma ta zama a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu duka, Kirista da Musulmi.

Mu yumɓu ne, Ubangiji shi ne maginin. Bari ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya kai jikokinmu ga bikin shekara ɗari. Amin.