Tallafin Gwamnati ga Motocin Lantarki: Ina Rabon Ƙasar Daura?



Na san akwai wanda zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen mota? Amsata ita ce, sana'ata bin diddigin kalmomi, kuma a cikin wannan batu akwai kalma guda da ake ta wasa da ita, wato "tallafi". A Hausa, idan aka ce an tallafi abu, ana nufin an sa hannu ta ƙarƙashinsa don kada ya faɗi, kamar yadda uwa take tallafar kan jariri har wuyansa ya yi ƙwari. Ba a tallafar abin da yake tsaye da ƙafarsa, ba a kuma sakin jariri kafin wuyan ya tsaya. Da wannan ma'auni nake so mu auna abin da gwamnati take yi game da motocin lantarki.

Ita dai motar lantarki ba ta shan fetur. Batir ne babba ake cika shi da wuta, shi kuma ya juya ƙafafun. Ba ta da filogi, ba kafireta, ba salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Saboda haka ɗawainiyarta ta yau da kullum ba ta kai ta motar fetur ba. Wahalarta tana wurin saye, domin batirin ya fi kowane sashe nata tsada. Wannan tsada ita ce ta sa duk ƙasar da motocin suka yaɗu a cikinta, sai ka tarar gwamnati ta sa hannu. Ƙasar Sin ta fara biyan wani ɓangare na kuɗin sayen su a 2009, ba ta daina ba sai ƙarshen 2022, bayan masana'antunta sun riga sun kafu. Norwe ta ɗauke musu haraji shekara da shekaru, har ya zamana a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a can na lantarki ne. Amurka kuwa ta yi rangwamen haraji na har dala 7,500 ga mai saye, sa'an nan ta janye shi a ƙarshen Satumba 2025.

To, mu fa? Ai ba yau muka fara tallafar mota ba, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dattawan da ke cikin wannan ɗaki sun tuna lokacin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, da Volkswagen a Ikko, ga Steyr a Bauchi, ga manyan motocin Fiat a Kano. A zamanin nan gwamnati ita ce babbar mai saye. Motar ofis 504 ce, ma'aikaci kuma ana ba shi bashin mota ya saya. Amma yawancin kayan da ake harhaɗawa daga waje ake kawo su a akwati. Da kuɗin fetur ya ja baya, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai kayan suka gagari saye, ma'aikaci ya koma wa motar Kwatano, masana'antun suka bi juna suna durƙushewa. An sake gwadawa a 2013, aka ɗora wa motar da aka shigo da ita harajin kwastan kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35, don a kare masu harhaɗawa a gida. Ba a yi shekara goma ba, dokar kuɗi ta 2020 ta sauke wannan ƙarin zuwa kashi 5. Mai dukiya da ya gina masana'anta bisa alkawarin farko, me za a ce masa? An saki kan jariri ke nan tun wuya bai tsaya ba.

Ban zo don in kushe komai ba. An taɓa abin kirki. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors saboda zana surar motar Chevrolet Volt, ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Ikko a 2020, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗauke wa motocin lantarki harajin sayen kaya. Madalla. Amma ina tambaya, mutum nawa ne tsakanin Daura da Baure suke da halin sayen Kona, ko da an ɗauke mata haraji duka? Rangwamen da aka yi a kan abin da talaka ba zai iya taya shi ba, ya zama ƙari ga mai shi, tamkar a kai wa mai rijiya gudummawar ruwa.

Mu dubi ƙasar Daura kanta. Wanda ya tsaya bakin tasha da safe ya san abin da ke ɗauke da jama'a. Babur ne da Keke Napep, sai tsofaffin ƙananan motoci da ke jigila zuwa Katsina da Kano da Kwangwalam. Babur ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyukan Sandamu da Zango, shi ke kai buhun gero kasuwar Mai'aduwa. Waɗannan su suka fi jin jiki a 2019, lokacin da aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka don maganin fasa-ƙwauri, mutanen bakin iyaka suka koma hannun 'yan bumburutu. Su ne kuma suka sake jin jiki bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Ɗan acaɓa yana sayen mai kullum, saboda haka shi ne mutumin da lantarki zai fi yi wa rana. Tafiyarsa gajeruwa ce, batirin babur ƙarami ne, mutum ɗaya na iya ɗaga shi. A Ruwanda da Binin da Togo an riga an kafa rumfunan musayar batir: direba ya kawo wanda ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wuta kawai, kamar mai kai tulu a cika masa. Da yake batirin na kamfani ne, kuɗin sayen babur ɗin sai ya sauko. Ruwanda ta ɗauke musu haraji tun 2021, daga Janairu 2025 kuma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Ko a nan gida, a Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya nuna ana iya cire injin ƙaramar bas a mayar da ita ta lantarki.

Na ga wasu suna murmushi, na kuma san dalili. Da wace wutar? Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, abin da ake rabawa a babban layi bai cika wuce megawat 5,000 ba. Mutanen Daura sun san labarin rijiyar Kusugu, wadda maciji ya hana ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a. To, a wasu unguwanni wutar lantarki ta gaji wannan maciji. Habasha da ta hana shigo da motocin fetur a 2024, ta dogara ne da babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu. Mu a nan abin da muke da shi rana ce, ga ta nan ba ta fashi. Saboda haka a ganina tallafi na farko shi ne rumfar caji mai farantan hasken rana a kowace tasha da kowace babbar kasuwa, gwamnati ta ba da fili, ta ɗauke haraji a kan kayan, ta kuma rubuta alkawarin cikin doka na shekaru masu yawa, yadda canjin gwamnati ba zai shafe shi ba. Sai dai ita ranar tana da nata sharri. Zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana rage wa batir kwana. Abin da aka ƙera don sanyin Turai dole a gwada shi a ƙurar hunturu da zafin Afrilu kafin a ɗora wa talaka bashinsa.

Wa zai yi wannan gwaji? A nan ne Daura take da abin da sauran garuruwa ba su da shi. A Disamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a wannan gari, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. An kafa ta ne musamman saboda aikin jirgin ƙasa, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura aka tsara ya bi. Amma jirgi ba ya kai kowa ƙofar gida. Daga tasha zuwa ƙauye, babur da keke ne za su ƙarasa aikin. Ban ga abin da zai hana a ɗora wa wannan jami'a nauyin gwada batura da baburan lantarki a yanayinmu ba, a kuma ba ta kuɗin yin haka.

Akwai kuma mutumin da ba a cika tunawa da shi ba idan ana tsara irin waɗannan manufofi, wato bakanike. Yaron da ya shekara biyar a gareji yana koyon wanke kafireta da saita injin, ranar da aka kawo masa babur marar injin, iliminsa ya tashi banza. Batir kuwa ba abin wasa ba ne, idan aka taɓa shi da ka yana iya kama wuta. Yawancin waɗannan masu gyara ba su da takardar da za ta shigar da su jami'a, ba su kuma jin Turancin da aka rubuta littafin injin da shi. Ina roƙon a buɗe musu kwas na 'yan watanni, da yamma bayan an tashi daga gareji, a koyar da su da Hausa. Mu malaman harshe a shirye muke mu zauna da injiniyoyi mu tsara kalmomin aikin, mu fara da tambayar makanikan kansu sunan da suka riga suka raɗa wa kowane ƙarfe.