Tsaron Kwamfutar Ɗalibi a Kan Hanyar Sadarwa ta Makaranta



Abin da ya sa na karɓi wannan gayyata shi ne wata ɗaliba da ta shigo ofishina saura mako uku a karɓi kundin digiri, tana rungume da kwamfutarta, ba ta iya ko magana. Babi huɗu ta rubuta, ga kuma bayanan da ta yi wata biyar tana tarawa a ƙauyuka, amma ko fayil guda ya ƙi buɗewa. Na tambaye ta ina kwafin da ta ajiye a wani wuri dabam. Ta ce babu. Ba ta kammala tare da 'yan ajinsu ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan batu a matsayin aikin injiniyoyi su kaɗai.

Bari mu fara da fahimtar inda muke shiga. Hanyar sadarwa ta makaranta, ko ta waya ce ko wayfai, kamar gidan haya take: zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, ɗakuna barjat. Da zarar ɗalibi ya haɗa kwamfutarsa a laburare ko ɗakin kwana, to ya tare a wannan gida tare da ɗaruruwan mutanen da bai sani ba. Galibinsu mutanen kirki ne. Amma ba lalle sai maƙwabci ya zama mugu zai cuce ka ba. Ya isa a ce kwamfutarsa ta kamu da cuta shi kansa bai sani ba, ita kuma tana bin ƙofa ƙofa tana turawa ta ga wadda ba a kulle ba.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma a jami'a aka fara ganinsa a fili. Ran 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai kwafar kanta daga na'ura zuwa na'ura. An ƙiyasta ta kama kwamfutoci wajen 6,000, kimanin kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ke kan intanet a zamanin, akasarinsu na jami'o'i da cibiyoyin bincike. A 1990 kotu ta same shi da laifi. Shekara 28 da rabi bayan aikin nasa, watau ran 12 ga Mayu 2017, wata mai suna WannaCry ta bi irin wannan hanya, ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman fansar dala 300. Ta shiga ne ta wata ɓaraka a sashen Windows da ke raba fayiloli tsakanin kwamfutocin da ke kan hanya ɗaya. Mai kwamfutar bai buɗe wasiƙa ba, bai danna kome ba. Zamansa a gidan hayan ya wadatar.

To, ga abin takaicin. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ran 14 ga Maris na shekarar, kusan wata biyu kafin annobar. Waɗanda suka karɓi facin sun tsira. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma sabuntawar nan da kwamfuta ke damunku da ita, kuna danna "sai an jima", yaɓen bangon ke nan. Na san dalilinku: data na da tsada, wuta ba ta zama, kuma ba wanda ke son kwamfuta ta tsaya sabuntawa ana saura minti goma lacca. Amma ai amfanin wayfai na makaranta ke nan. Ɗalibin da ya ƙarar da rabonsa wajen sauke finafinai, ya bar kwamfutarsa wata shida ba faci, ya yi wauta. A kuma lura, tun ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, balle Windows 7 da aka sallama tun Janairun 2020. Ita kuwa manhajar sata da ake ɗora muku a kasuwa, wadda sai an kashe riga-kafin kwamfuta kafin ta zauna, ku tambayi kanku me ya sa ta ke gudun mai gadi.

Akwai wani ƙaramin aiki da ba ya cin ko minti biyu. In kun haɗa da sabuwar hanya, Windows na ba da zaɓi tsakanin hanyar jama'a da ta gida. Ku zaɓi ta jama'a, ko da kuwa a ɗakin kwananku ne, domin da haka kwamfutar kan ɓuya daga maƙwabta, ta kuma rufe rabon fayil. Katangar tsaron da ta zo da ita kuma a bar ta a kunne.

Sai maganar satar sauraro, wadda aka fi tsoratar da mutane da ita. A Oktoban 2010 wani mai suna Eric Butler ya fitar da Firesheep, ƙaramar manhaja da ta bai wa kowane ɗan koyo damar shiga shafin Facebook na wanda ke zaune kusa da shi a kan buɗaɗɗen wayfai. Ya yi ne don ya kunyata kamfanonin, kuma ya ci nasara. A yau galibin manyan shafuka suna kulle abin da ke wucewa tsakaninku da su, shi ne harufan HTTPS da kuke gani a farkon adireshi. Saboda haka, a ganina, wannan haɗari ya ragu ƙwarai, ya koma wata fuska. Ɓarawo ba ya buƙatar laɓewa in zai iya sa ka miƙa masa mabuɗi da hannunka. Kowa na iya kunna wayfai a wayarsa ya laƙaba masa sunan makaranta, ya ƙaga shafin shiga mai kama da na gaske, ya zauna yana tattara kalmomin sirri. In kuka ga suna biyu iri ɗaya, ko burauza ta yi gargaɗi cewa shaidar shafin ba ta inganta ba, kada ku tsallake. Ku je sashen kula da kwamfutoci ku tambaya. Kuma harufan nan na HTTPS cewa suke yi ba mai jin zancenku a hanya, ba su ce wanda kuke zancen da shi mai gaskiya ne ba. Adireshin za a karanta harafi harafi.

Kada wani ya zaci wannan tarko na marasa ilimi ne. A Disamban 2019 aka kulle na'urorin Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, har ta biya fansar kusan yuro 200,000. Binciken da aka yi ya nuna ɓarayin sun shiga ne tun watan Oktoba, ta wasiƙun imel na yaudara da aka buɗe. Wata biyu suna yawo cikin gida ba wanda ya ankara.

Yanzu zan taɓo inda na san ba za ku ji daɗi ba, watau aron kalmar sirri. Mu mutane ne masu kara. Aboki ya ce ba ni lambarka in shiga intanet, kunya ta hana ka cewa a'a. To, ka sani duk abin da aka aikata da sunanka, kai rajistar makaranta za ta nuna. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma in abokin naka ya gwada taɓa shafin sakamakon jarrabawa, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Kalmar sirri ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar marasa dangantaka, ba shekarar haihuwa ko lambar rajista ba, kuma kada ta imel ta zama ita ce ta banki. Imel ɗin nan shi ya fi cancantar kulle biyu, watau kalmar sirri da lambar da ke zuwa waya, domin ta cikinsa ake canza sauran kalmomin duka.

Ma'aikatan gwamnati da ke karatun yamma ko na ƙarshen mako, naku nauyin ya ninka. Kwamfutar da kuke kawowa aji sau da yawa ita ce mai ɗauke da jerin albashi da takardun ma'aikata, kuma Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan masu riƙe da su. In da hali, a raba kwamfutar ofis da ta karatu. In babu, a kulle rumbunta da BitLocker, ko FileVault ga masu Apple, a rubuta mabuɗin ceto a takarda a adana a gida. Wanda ya sace kwamfuta irin wannan a masallaci ko laburare, ƙarfe kawai ya samu.

Na koma ga ɗalibata. Duk abin da na faɗa yana iya kasawa, kwafi ne kaɗai ba ya ba da kunya. A yi biyu: ɗaya a ma'ajiyar intanet, ɗaya a filashi ko rumbun waje da ake cirewa bayan an gama kwafa, domin manhajar fansa na kulle duk abin da ta tarar a jone. Filashin da ke zuwa shagon buga takardu kuma kada ya zama shi ne ma'ajiyar. A ware masa nasa, a riƙa bincikarsa kafin a buɗe.

Ranar da kuka ga fayiloli sun canza suna, ko saƙon neman fansa ya bayyana, ku fara da kashe wayfai da zare waya, don kada cutar ta tsallaka zuwa maƙwabta. Ku canza kalmomin sirrinku daga wata na'ura dabam, ku fara da ta imel. Sa'an nan ku kai rahoto sashen kula da kwamfutoci a ranar, kada kunya ta sa ku jira sai gobe, ku kuma gaya musu sunan hanyar da kuka hau da lokacin da kuka hau ta.