Tsohon Ɗan Kokawa da Yaransa

Karatu: 2 Timoti 2:1-7

 

Yau zan ɗauke ku mu je Argungu. Kowa ya san bikin kamun kifi da ake yi a kogin Matan Fada, wanda aka soma a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Amma ba kamun kifi kaɗai ake yi ba. Akwai tseren kwalekwale, da iyo, da dambe, da kokawa.

Ina saurayi, a fagen kokawar nan na ga wani ƙato wanda in ya shigo, makaɗa sukan sāke kiɗa, jama'a su ɗauki ihu. A idona ya kayar da mutum uku rana guda. Bayan shekaru masu yawa, da aka kawo ni aiki Birnin Kebbi, sai ga shi wata yamma a kan yashi bayan unguwarmu, kai duk furfura, gwiwa ta ƙi, yara wajen goma sun kewaye shi. Yana nuna musu yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake fāɗuwa ba a karya hannu ba, da yadda in ka kayar da mutum za ka miƙa masa hannu ka tashe shi.

Na ce, "Baba, ba ka kewar fage?"

Ya yi dariya ya ce, "Fasto, ƙarfi ya tafi, ba ya dawowa. Dabara ce ta rage. In ban ba yaran nan ba, da ita za a binne ni." Ya nuna mini wani dogon yaro ya ce, "Wancan ya kayar da ni bara. Tun da nake kokawa ban taɓa shan kaye mai daɗi kamar wannan ba."

Masu son ƙwallon ƙafa za su tuna da marigayi Stephen Keshi. Yana kyaftin Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994. A 2013 kuma ya sāke cin kofin a Afirka ta Kudu, amma a matsayin mai horarwa. Shi bai taɓa ƙwallo ba a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Sunday Mba, wanda yake wasa a gida, shi ya jefa ƙwallon nasara, domin an yarda da shi an sa shi a fili.

'Yan'uwa, abin da Manzo Bulus yake yi ke nan a karatunmu. Yana kurkuku a Roma, ya san kwanakinsa sun ƙare, tserensa ya zo ƙarshe. Bai zauna yana ƙirga garuruwan da ya yi wa'azi ba. Ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu. Ku ƙirga da ni: Bulus, Timoti, amintattun mutane, waɗansu kuma. Tsara huɗu ke nan a aya ta 2 kaɗai. Ta wannan hanya ce bishara ta iso kwarin Rima har ta same mu.

To, dattijon ikkilisiya, shekara nawa kana jagorar addu'a? Wa ka koya wa? Mama shugabar zumuntar mata, in ciwo ya kwantar da ke gobe, wa za ta ɗauki waƙa? Da yawa cikinmu muna riƙe da aikin Allah kamar gonar gādo, muna tsoron kada yaro ya fi mu. Ga samarinmu kuwa suna tafiya Sakkwato da Kaduna da Abuja neman karatu da aiki, waɗansunsu ba wanda ya taɓa ba su dama su karanta aya ɗaya a gaban jama'a. In suka yi sanyi a can, laifin wa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma samari da 'yan mata, aya ta 5 taku ce. Tana tuna mana cewa mai gasa ba ya samun lada sai ya bi ka'ida. Yaron da ya ƙi koyon fāɗuwa, ran kaye sai karaya. Timoti ma shekaru ya yi yana bin Bulus tun daga Listira kafin a bar masa ikkilisiyar Afisa. Ku yi haƙuri, ku karɓi gyara.

Ga roƙona. Kafin Lahadi mai zuwa, kowane babba ya zaɓi yaro ɗaya, ya kira shi da sunansa, ya koya masa abu ɗaya, sa'an nan ya koma gefe ya bar shi ya yi. In ya yi kuskure, miƙa masa hannu. In ya fi ka, gode wa Allah.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin waɗanda suka koya mana tafarkinka. Ka kawar da kishi daga zukatanmu, ka ba mu alherin danƙa wa na baya abin da muka karɓa. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.