"Kaya In Ya Fita Ba Ya Dawowa": Wa Ya Ce?

'Yan uwana na Shanga, Yelwa, Wara da tungayen bakin ruwa, ku matso, yau maganar aljihunku za mu yi.

Kun san rubutun nan da ake liƙawa a shagon waya ko na kayan sola, wani lokaci a ƙasan rasit: kaya in ya fita ba ya dawowa. Mutum ya sayar da albasarsa, ya biya kuɗin jirgi da na mota har Yauri, ya sayi batirin sola ko injin ban-ruwa. Kwana uku abu ya mutu. Ya koma, sai a nuna masa bango. Ya ce "Allah ya isa", ya juya gida. To wannan rubutu ba doka ba ne, mai shago ne ya rubuta abinsa.

Doka tana nan daban. Ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 132 ya ba ka wata uku daga ranar da ka karɓi kaya. In ya fito da aibi, ko bai yin aikin da ake sayen irinsa dominsa, kana iya mayarwa ba tare da an ci ka tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. Dole ya yi ɗaya cikin uku: ya gyara, ya canja, ko ya dawo maka da kuɗinka. Wata uku fa, ba "sati ɗaya na ba ka" ba.

Sashe na 122 kuma ya fi shafar mu mutanen karkara. In ka faɗa wa mai shago aikin da za ka yi, misali ka ce injin da zai ja ruwa daga kogi zuwa fadamarka kake so, ya ce wannan zai yi, ka je bai yi ba, kana da ikon mayarwa cikin lokacin da ya dace. Haka kayan da aka aiko maka a mota ba ka gani ba, ya zo ba shi ne wanda aka nuna maka a WhatsApp ba.

Wani zai ce ai takarda ce kawai. A 2022 babbar kotun jihar Enugu ta yanke hukunci kan kamfanin motocin Peace Mass Transit, saboda sun hana wani fasinja kuɗin tikitinsa da hujjar su ba sa mayar da kuɗi. Kotu ta ce wannan tsari ya saɓa wa doka, ta sa su biya shi naira 500,000. A kan kuɗin mota!

Amma bari in faɗi ɓangaren da ba ma son ji. Ka sayi shadda, ka je gida uwargida ta ce launin bai yi mata ba. Ko ka sayi waya lafiyarta lau, ka ga ta abokinka ta fi kyau. Nan ba ka da haƙƙi, sai roƙo. Ko a Ingila haka ne: dokarsu ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif, amma wanda ya saya a shago sannan ya canja ra'ayi, sai abin da shagon ya ga dama. In kuma kai ka jefa wayar a ruwa, kada ka ɗora wa bawan Allah.

Ni abin da ke ba ni mamaki, malamanmu na fiƙihu sun raba wannan tun kafin a san wata FCCPC. Akwai hiyarul aibi: ka sayi abu, ka tarar da aibin da ba a nuna maka ba, kana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Akwai kuma iƙala: ka yi nadama kawai, mai kaya ya karɓa don Allah, ya samu lada. Na farko haƙƙi ne, na biyu alfarma. Ɗan kasuwar da ya halarci karatun Risala da asuba sannan ya liƙa wancan rubutu, Alhaji, da girmamawa, a sake dubawa.

Abuja ta yi nisa da Shanga, na sani. Shi ya sa rasit ya zama makaminka. Ka sa a rubuta kwanan wata, sunan kaya da lambarsa, a jarraba a gabanka, ka ɗauki hoto, kada ka yar da kwali. In an ƙi sauraronka, fara da shugabannin kasuwa, su sun san mutuminsu kuma ba sa son sunan layinsu ya ɓaci. In abin ya faskara akwai kotu, kuma FCCPC tana karɓar koke ta intanet.

Mako mai zuwa za mu taɓo taki da maganin feshi na jabu, tunda noman rani ya ƙarato. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.