Shukar Furannin Damina Da Amfaninsu Ga Mai Lambu



Yau maganarmu a kan furanni ce, irin waɗanda ake jerawa a gaban ofisoshi da makarantu. Na san wani zai ce, Malam, furen da ba a miya da shi, ina ruwan manomi? To, ku saurara. Tun da Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, aka kuma buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, gine-gine sai ƙaruwa suke yi, masu su kuwa suna neman dashen furen da za su ƙawata harabarsu. Ban da ciniki, akwai fure ɗaya da ke yi wa lambu aikin magani.

Huɗu ne suka fi jure ƙasarmu mai rairayi. Akwai marigol, mai fure ruwan ɗorawa da ganye mai wari, da ziniya mai launi iri-iri, dukansu asalinsu ƙasar Meziko. Akwai silosiya, 'yar'uwar alayyafo, mai fure kamar zankon zakara. Sai binka, wadda ta fito daga Madagaska, ita ce gwanar jure ƙishi, amma tana da dafi, kada yara su tauna.

Ku yi fangalin reno a farkon Yuni, faɗinsa ƙafa 3, ku ɗaga shi kamar inci 6 don kada ruwa ya kwanta. Ku haɗa kwando biyu na ƙasar sama da kwando ɗaya na taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kuma kiran gara. Irin nan ƙanana ne, kada a binne shi kamar gyaɗa. A yaɗa shi a layi, a barbaɗa ƙasa kaɗan a kai, a rufe da busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa da safe. Marigol yakan tsiro cikin mako guda. Da ya leƙo, a kwashe ciyawar nan.

Bayan mako 3 zuwa 4, in ya yi ganye huɗu, sai dashe, da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana, tazarar ƙafa ɗaya. Wanda za a sayar a dasa shi cikin leda mai huji a gindi. Ziniya ba ta son a taɓa saiwarta, gara a shuka ta a inda za ta zauna ko a cikin ledar tun farko. Idan tsiro ya kai inci 6 a tsinke kansa da farce, zai yi rassa, fure ya yawaita. A yi hankali da yuriya. In ta yi yawa, ganye za ku samu shar, fure kuwa babu. Furen da ya bushe a riƙa cire shi. Shinge kuma dole ne, kun dai san halin akuya.

Yanzu ga babbar maganar. Masu noman rani a Warwade da fadamun Kiyawa da Jahun, wanda tumatirinsa ke yanƙwanewa da rana alhali ƙasa da danshi, ya tuge guda ya duba saiwa. In ya ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Tana kama kuɓewa da gauta ma. Saiwar marigol tana fitar da wani sinadari da ke hana tsutsar nan hayayyafa.

Amma fa akwai sharaɗi. Wasu sukan tsira marigol biyar-shida a tsakanin tumatir su ce sun yi magani. Wannan ado ne kawai. Sai an cika fangalin da marigol zalla, a matse shi, tazarar inci 8 ko ƙasa da haka, ya yi aƙalla wata 2 a wurin, a kuma nome ciyawa tas, domin tsutsar takan fake a saiwar ciyawa. Ke nan a dasa a Yuli, a sare a ƙarshen Satumba, a kife shi cikin ƙasa ya ruɓe, sannan a kawo dashen tumatir. Ba ya ƙare tsutsar ƙurmus, rage ta yake yi, kuma amfaninsa na shuka ɗaya ne, baɗi sai a sake. Gajeren marigol, wanda masu sayar da iri ke kira na Faransa, shi aka fi shaida da wannan aiki. Ku fara gwadawa a fangali ɗaya, ku bar na kusa da shi haka nan, in an tuge tumatir ku kwatanta saiwoyin.

Kafin a sare, ku bar layi guda ya ƙosa don iri. A shanya a inuwa, a zuba a kwalba busasshiya, a toshe. In dai irin aure ne kuka saya a fakiti, 'ya'yansa ba lalle su yi kama da uwar ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na JARDA da ke yankinsa.